Kwana huɗu a Sent Luwis: ina za a je, ina za a sauka, me za a ci?

Tambaya: "Assalamu alaikum. 'Yata za ta kammala digiri na biyu a Jami'ar Washington da ke Sent Luwis a Amurka, kuma za mu je bikin yaye su a watan Mayu, ni da mahaifiyarta da ƙannenta biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 13. Bayan biki muna da kwana huɗu. Abin da na sani game da garin bai wuce dogon ƙarfen nan mai siffar bakan gizo da ake nunawa a hoto ba, sai kuma labarin da ake yi cewa gari ne mai hatsari. Ina ya kamata mu gani, a wace unguwa za mu sauka, za mu iya yawo ba mota, kuma yaya batun abinci da masallaci?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa karatun yarinya albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tambayarka ta haɗa abin gani da masauki da zirga-zirga da ci da ibada, amma duk a kan abu guda suka rataya, wato sanin yadda garin yake a shimfiɗe. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su kama ɗaki a tsakiyar gari kusa da wancan ƙarfen, su hau shi da safe, da yamma su fito su tarar tituna wayam, su yanke hukunci cewa babu komai a garin. Sent Luwis gari ne na unguwanni. Bakin kogi rabin yini ya ishe shi. Sauran kwanakinku a yamma da kudu za ku yi su, kuma akasarin wuraren da suka fi daraja a can ba a biyan ko sisi a ƙofa.

Yadda garin yake a shimfiɗe

Faransawa 'yan kasuwar fatu, Pierre Laclède da Auguste Chouteau, su suka kafa garin a 1764 a gaɓar yamma ta Kogin Misisipi, ƙasa kaɗan da inda Kogin Mizuri yake zubowa cikinsa. Sunan sarkin Faransa Luwi na 9 suka sa masa, sarkin da tsohon birnin Sen Luwi na Senegal ma yake ɗauke da sunansa, kuma biranen biyu ƙawaye ne a hukumance. Amurka ta sayi yankin daga Faransa a 1803, garin ya zama mashigar masu tafiya yamma. A alluna da tikiti St. Louis za ka ga an rubuta.

Shekarar da ta fi bayyana halin da garin yake ciki yau ita ce 1876. A shekarar ne birnin ya ware daga gundumar da ke kewaye da shi, ya ja wa kansa iyaka mai faɗin murabba'in kilomita kusan 170, kuma iyakar ba ta sake motsawa ba. A 1950 mutum fiye da 850,000 ne a cikinta. Ƙidayar 2020 ta samu 301,578. Mutanen ba ɓacewa suka yi ba, iyaka kawai suka tsallaka zuwa ƙananan garuruwan gundumar, shi ya sa birnin da kewayensa suke da mutum kusan miliyan 2.8. Wannan ne dalilin da za ka ga manyan tituna da gine-ginen da aka yi wa jama'a ninki uku na waɗanda suke ciki yanzu, kuma zai sake fitowa idan muka zo maganar tsaro.

Ka riƙe taswirar a ka kamar haka. Kogi yana gabas. Daga bakinsa akwai zirin unguwanni da ya miƙe yamma: tsakiyar gari, sai Midtown inda Jami'ar Saint Louis take, sai Central West End, sai babban lambun Forest Park, sai jami'ar 'yarka a ƙarshensa na yamma, sai garin Clayton. Daga kogi zuwa jami'ar kamar kilomita 11 ne, kuma jirgin ƙasan cikin gari, MetroLink, wannan zirin yake bi. Kudu da zirin su ne unguwannin jan bulo masu gidajen abinci. Arewa da titin Delmar kuma wani labari ne daban, zan zo kansa.

Bakin kogi

Ƙarfen da ka gani sunansa Gateway Arch. Tsayinsa mita 192, faɗinsa daga ƙafa zuwa ƙafa ma mita 192, an lulluɓe shi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Eero Saarinen ne ya zana shi, aka sa gutsuren ƙarshe na samansa ranar 28 ga Oktoba, 1965. Ana hawa ta cikin ƙafafunsa, amma ba da lifta irin ta bene ba. Wasu 'yan ƙananan akwatuna ne zagayayyu guda takwas a jere, kowanne yana ɗaukar mutum biyar gwiwa na gugar gwiwa, ƙofarsa sai an sunkuya. Hawa minti huɗu, sauka minti uku, kuma akwatin yana ɗan gyara zama yana ƙara a hanya saboda lanƙwasar ginin. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce. A sama akwai ƙananan tagogi 16 a kowane gefe, ana ba ku kamar minti goma. Ta gabas kogi da jihar Ilinoi, ta yamma gari.

Abu uku ne suke ɓata wa mutane wannan ziyara. Na farko tikiti: da lokaci ake sayar da shi, kuma a ƙarshen mako na safe da na rana sukan ƙare, don haka ku saya ta intanet kwanaki kafin ranar. Na biyu binciken ƙofa irin na filin jirgin sama ne, ku iso aƙalla rabin sa'a kafin lokacinku, kada a zo da wuƙa ko ta yankan farce. Na uku matakala: kafin a shiga akwatin da bayan an fita akwai matakai kusan 100 hawa da sauka, kuma keken guragu ba ya kaiwa sama. Idan Hajiya tana fama da gwiwa, ko wani yana tsoron matsattsen wuri, akwai samfurin akwatin a ƙasa da za a iya gwada zama a ciki kafin a yanke shawara. Wanda bai hau ba bai yi asara ba, don gidan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa kyauta ne, kuma ya faɗi labarin ƙabilun asali da aka kora daga ƙasarsu, bai tsaya ga yabon masu tafiya yamma kaɗai ba.

Daga nan ku taka 'yan mintuna zuwa tsohuwar kotu mai koriyar ƙubba, Old Courthouse. A ganina wannan gini ya fi Arch ɗin nauyi. A kan matakalarsa an yi gwanjon bayi. A cikinsa ne a 1846 wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙara suna neman 'yanci, da hujjar cewa ubangijinsu, likitan soja, ya zauna da su shekaru a yankunan da aka haramta bauta. A 1850 masu taya alƙali yanke hukunci a wannan kotu suka ba su gaskiya. Kotun ƙolin jihar Mizuri ta soke hukuncin a 1852, a 1857 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da hurumin kai ƙara kotun tarayya. Hukuncin yana cikin abubuwan da suka ingiza ƙasar ga yaƙin basasa shekara huɗu bayan haka. Mutum-mutumin ma'auratan yana tsaye a waje, suna riƙe da hannun juna. 'Yar shekara 13 ɗin nan ta isa ta fahimci wannan labari, ku ba shi sa'a guda.

Sai ku gangara bakin ruwa. Kogin ruwan ƙasa ne, mai ƙarfin gudu, ɗauke da itatuwa, ba wurin da yaro zai sa ƙafa ba ne ko kaɗan, kuma duwatsun da aka shimfiɗa a gaɓar suna da santsi. Ku tsaya ku kalli jiragen dakon kaya: manyan kwale-kwalen ƙarfe marasa inji, kowanne yana ɗaukar tan kusan 1,500 na masara ko waken suya, a ɗaure su da yawa wuri guda jirgi ɗaya yana turawa daga baya. Daga Sent Luwis zuwa teku babu sauran madatsa a kan kogin, shi ya sa nan ake sake haɗa ayarin su yi girma. Gadar da ke hagunku idan kuna fuskantar ruwa ita ce Eads, an buɗe ta a 1874, kuma sai da aka bi da giwa ta kanta don jama'a su yarda ba za ta rufta ba. Ana tsallaka ta da ƙafa. Akwai jirgin ruwan yawon buɗe ido na sa'a guda da ke tashi daga gindin Arch, amma watan Mayu lokacin cikar kogi ne, wani lokaci ruwa yakan shanye titin bakin gaɓar a dakatar da shi. Masana'antu da gadoji za ku gani a tafiyar, ba daji ba. In lokaci ya ƙure, shi za ku fara yankewa.

Forest Park

Nan ne zuciyar ziyararku, kuma a ƙofar jami'ar 'yarka yake. Faɗinsa eka kusan 1,300, ya fi shahararren lambun tsakiyar birnin New York girma nesa ba kusa ba. An buɗe shi a 1876, a nan aka yi baje kolin duniya na 1904, kuma a filin wasan jami'ar aka yi gasar Olamfik ta shekarar, ta farko a ƙasar Amurka. A cikinsa akwai gidan namun daji, gidan adana zane-zane, gidan tarihin Mizuri da cibiyar kimiyya, dukkansu shiga kyauta. Dalili shi ne a 1971 mazauna birni da gunduma suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da wani ƙaramin haraji a kan gidajensu don ɗaukar nauyin irin waɗannan wurare. Gidan namun daji mai wannan girma a wani birnin Amurka zai ci wa iyali irin naku fiye da dala ɗari.

Amma kyautar tana da iyaka, ka san da haka. A gidan namun dajin ana biyan kuɗin ajiye mota a filinsu, da ɗan jirgin ƙasa mai zagaye wurin, da wasan zakin ruwa, kuma abincin ciki yana da tsada. An yarda a shigo da abinci da ruwa daga waje. Ku je da buɗe ƙofa, don dabbobi sun fi motsi da sanyin safiya, ga shi kuma a watan Mayu motocin 'yan makaranta sukan cika wurin kafin hantsi ya yi nisa. Ku nemi wurin dorinar ruwa, inda ake kallonta ta gilashi tana tafiya a ƙarƙashin ruwa kamar ba ta da nauyi, da ɗakin tsuntsayen yankin ƙanƙara, wanda sanyinsa yake sa mutum ya nemi rigar sanyi a tsakiyar rana, da kuma katon kejin tsuntsaye da ya rage tun daga baje kolin 1904, wanda ake shiga cikinsa. Sa'a uku zuwa huɗu.

Gidan zane-zanen yana kan tudu, a ginin da shi ma na 1904 ne, kuma yana da sashen kayan fasahar Afirka da na ƙasashen Musulmi. Shi da gidan tarihin Mizuri ba sa buɗewa ranar Litinin. Ranar Juma'a kuwa gidan zane-zanen yana kaiwa dare. Cibiyar kimiyya ita ma takan rufe wasu ranakun tsakiyar mako. Wani abu kuma: lambun ya fi ƙarfin a ratsa shi da ƙafa tare da yara, daga wannan gida zuwa wancan tafiyar minti ashirin ce ko fiye. Ku zaɓi biyu a rana, kada ku ce sai kun gama huɗun. Za ku lura da wuraren da manyan itatuwa suka ɓace. Aikin mahaukaciyar guguwar 16 ga Mayu, 2025 ce, wadda ta ratsa lambun ta wuce arewacin gari.

A gabashin lambun, a Central West End, akwai babbar majami'ar Katolika a titin Lindell wadda aka lulluɓe cikinta da gutsattsarin gilashi masu launi fiye da miliyan 41. Ana barin baƙi su shiga kallo idan ba lokacin ibada ba ne, ga wanda ya ga dama. A unguwar ce kuma cibiyar wasan darar Turawa ta ƙasar take, da wani katon ɗan dara na katako a bakin titi wanda yara suke son ɗaukar hoto da shi.

Unguwannin kudu da maganar abinci

Kudancin gari jan bulo ne kusan gida-gida. Ƙasar wurin tana da yumɓu mai kyau, kuma bayan babbar gobarar 1849 aka karkata ga gini da bulo. Lambun tsirrai na Mizuri, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Shaw ya kafa a 1859, yana nan. Eka 79 ne kuma shi ana biya, amma ya cancanci kuɗinsa. Akwai ƙubbar gilashi ta 1960 mai ɗauke da dajin ƙasashe masu zafi, da lambun Japan mai tafki cike da manyan kifaye da yara ke ba abinci, da ƙaramin lambu irin na Daular Usmaniyya mai maɓuɓɓugar ruwa, da wani da aka yi don tunawa da George Washington Carver, wanda aka haifa a bauta a jihar Mizuri ya zama masanin noman gyaɗa da dankali. Kusa da shi akwai lambun Tower Grove, kyauta, inda ake cin kasuwar manoma ranar Asabar da safe.

A gefen gabas na Tower Grove titin South Grand yake, kuma nan zan tura ka cin abinci kafin ko'ina. A cikin 'yan layuka kaɗan akwai gidajen abincin Habasha, Iran, Biyetnam, Tailan da wasunsu, da shagon kayan abincin ƙasashen waje inda za a samu doya, agada, manja da barkono mai zafi idan masaukinku yana da kicin. Ƙara gaba kudu, a kan titin Gravois wanda mutanen gari suke kira "Graboi", akwai unguwar Bevo Mill. Tun daga shekarun 1990 dubban Musulmin Bosniya da suka tsere wa yaƙi suka sauka a nan, har Sent Luwis ta zama garin da ya fi kowane a Amurka yawan 'yan Bosniya. Sun farfaɗo da unguwar da ta fara mutuwa, kuma a 2013 aka gina wata rumfar ruwan sha ta katako irin ta tsakiyar Sarajebo a wata mahaɗar titunan unguwar. Da yawansu sun koma unguwannin kudancin gunduma yanzu, amma har yau akwai gidajen burodi da mahauta. Ku nemi cevapi, niƙaƙƙen naman sa ne da aka mulmula kamar yatsa aka gasa, ana sa shi cikin burodi mai laushi da ɗanyar albasa. Da burek, wanda fulawa ce siririya da aka naɗe da nama ko cuku. Duk da haka ka tambaya ko naman halal ne, don ba kowane gidan abincin Bosniya ne yake kiyaye wannan ba. Daga 2021 'yan Afganistan ma sun ƙaru a kudancin gari, shagunan halal sun daɗa yawa.

Inda za ka yi hattara shi ne abincin da garin ya yi suna da shi, don akasarinsa naman alade ne. Gasasshen haƙarƙarin da ake kira ribs na alade ne in dai ba an rubuta beef ba. Kalmomin pork, ham, bacon, pepperoni, salami da sausage duk ka ɗauke su a matsayin alade sai an tabbatar maka da akasin haka. A unguwar Italiyawa, The Hill, inda har famfunan kashe gobara aka shafa wa launin tutar Italiya, abin da kowa zai ce ku ɗanɗana shi ne toasted ravioli, soyayyar taliya mai cushe da nama. Naman yakan zama gauraye, ku nemi mai cuku. Abu biyu da ba su da wannan matsala: wani kek mai danƙo na man shanu da sukari da ake kira gooey butter cake, da askirim ɗin Ted Drewes a titin Chippewa, mai kaurin da ma'aikaci yakan kifa kofin a gabanka da cokali a ciki bai zube ba. Kasuwar Soulard, wadda ta samo asali tun ƙarni na 18, tana ci daga Laraba zuwa Asabar, Asabar da safe ta fi armashi. Unguwar da dare ta mashaya ce, kuma babban kamfanin giya na Anheuser-Busch yana gefenta; da rana za ku je.

Sallar Juma'a: Masallacin Bilal yana titin West Pine kusa da Jami'ar Saint Louis, shi ya fi kusa da inda zan ce ku sauka. Babban masallacin yankin, Darul Islam, yana titin Weidman a yammacin gunduma, tafiyar kamar rabin sa'a a mota. A tsakiyar Mayu azahar tana shiga wajen ƙarfe 1, rana ba ta faɗuwa sai bayan 8 na dare, don haka yininku dogo ne.

Arewacin Delmar

Littattafan yawon buɗe ido sukan tsallake wannan ɓangare, ni ba na so ka tsallake shi. Titin Delmar ya raba garin biyu: kudu da shi gidaje masu tsada, arewa da shi kusan duka baƙaƙen fata, da filaye fayau inda gidaje suke a da. Ba haka kawai abin ya faru ba. Shekaru da dama ana rubuta sharaɗi a takardun gidaje cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, bankuna kuma suka ƙi ba da rance a unguwanninsu. Shari'ar da ta karya ƙarfin wannan sharaɗi a duk Amurka a 1948 a kan wani ƙaramin gidan bulo da ke titin Labadie aka yi ta, na iyalin Shelley, kuma gidan yana nan. Kusa da shi unguwar The Ville take, inda makarantar Sumner take, sakandaren farko ta baƙaƙen fata a yammacin Misisipi, da ginin asibitin Homer G. Phillips wanda daga 1937 zuwa 1979 ya horar da ɗimbin likitoci da ma'aikatan jinya baƙaƙe. Guguwar 2025 ta yi wa waɗannan unguwanni mummunar ɓarna. Ku je da rana, a mota, zai fi kyau tare da wanda ya san wurin, kuma a tuna gidajen mutane ne, ba a ɗaukar hoton kowa ba izini. In hakan bai samu ba, a gefen sabon filin ƙwallon ƙafa a titin Market akwai ginshiƙan baƙin dutse da aka kafa don tunawa da Mill Creek Valley, unguwar mutum kusan 20,000 da aka fara rushewa a 1959.

Wurare biyu don yara, ɗaya don kowa

City Museum sunan ne kawai na gidan tarihi. Tsohon ɗakin ajiyar kamfanin takalma ne wanda wani mai sassaƙa, Bob Cassilly, ya mayar da shi wurin hawa da rarrafe ya buɗe a 1997: koguna na siminti, ramuka, gangar jirgin sama a rataye, motar makaranta da ta leƙo daga kan rufi, da bututun zamiya mai hawa goma. Ana biya. A sa wa yara dogon wando da takalmi rufaffe, ba silifa ba, don gwiwa tana shan wuya. Yaro yakan shiga rami a wannan bene ya ɓullo a wani, saboda haka ku tsayar da wurin haɗuwa tun a ƙofa, a rubuta lambar waya a abin hannun da ake ɗaura wa ƙaramin. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1894, Union Station, tana da gidan kifaye da lilo mai tsayin mita 60. Tana da kyau amma tana cin kuɗi, bayan gidan namun daji ba dole ba ce.

Wanda nake so ku yi ƙoƙari ku je shi ne Cahokia, kilomita 13 gabas da kogi a jihar Ilinoi. Kufai ne na birnin da mutanen asalin ƙasar suka gina, wanda wajen shekara ta 1100 yake da mutum dubu goma zuwa ashirin, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka wurin. Sun tara tuddai da ƙasar da suka ɗauko a kwanduna. Mafi girmansu mita 30 ne, ana hawa ta matakai fiye da 150, kuma daga samansa ana hango Arch idan gari ya washe. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Ita kanta Sent Luwis tana da irin waɗannan tuddai da yawa a da, aka baje su aka yi gini, ɗaya tak ya rage. Babu inuwa a filin, ku tafi da ruwa da hula, kuma sai da mota.

Masauki, mota da tsaro

Ku sauka a Central West End. Tana da tashar MetroLink, ana takawa zuwa Forest Park, akwai mutane a titi har dare, kuma tasha kaɗan ce tsakaninta da jami'ar. Zaɓi na biyu Clayton, mai tsabta da natsuwa. Ku kama ɗaki tun yanzu, don makon yaye ɗalibai otal-otal ɗin yankin sukan cika farashi ya tashi. MetroLink layi biyu ne, ja da shuɗi. Jan yana tasowa daga filin jirgin sama na Lambert, shuɗin shi ke bi ta jami'ar da Clayton, kuma daga tashar Forest Park zuwa kogi hanyarsu ɗaya. Mai komawa yamma ne zai duba launi, in ba haka ba ya nufi jami'a ya tsinci kansa a hanyar filin jirgi. Jirgin ya wadatar da ku don Arch, Forest Park da Delmar Loop, wato yankin shaguna da gidajen abinci na titin Delmar kusa da jami'ar. Ba ya kaiwa South Grand, Bevo, The Hill ko Cahokia. Nan sai Uber ko motar haya. Tunda ku biyar ne har da mai digirin, ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku ba, ku riƙa kiran babba, ko ku yi hayar mota na kwana biyun ƙarshe kawai.

Labarin hatsarin yana da tushe, ba zan ɓoye maka ba: birnin ya daɗe a sahun gaba a Amurka wajen yawan kisa idan aka auna da yawan jama'a. Amma ana raba lissafin ne da mutum dubu ɗari uku na cikin iyakar 1876, alhali wasu biranen sun haɗiye unguwannin bayan garinsu lissafinsu ya yi sauƙi. Kuma tashin hankalin ya fi taruwa a wasu keɓaɓɓun wurare da tsakar dare. Abin da ya fi samun baƙo biyu ne. Fasa gilashin mota: kada a bar jaka, caja ko riga a kujera, kuma kada a buɗe but a wurin da za a ajiye motar a ga ana ɓoye kaya. Sai tuƙin ganganci: direbobin garin sun yi ƙaurin suna wajen keta jar danja, don haka ko fitila ta ba ku hanya ku dakata ku duba, a riƙe hannun ƙaramin. Bayan ƙarfe goma na dare ku kira mota maimakon jirgi. East St. Louis da ke tsallaken kogi gari ne daban a wata jiha, kada sunan ya ruɗe ka wajen kama otal mai araha.

Mayu wata ne mai daɗi, ɗumi da rana, sanyi-sanyi da safe, amma lokacin guguwa ne. Idan kuka ji jiniya mai tsawo ko wayoyinku suka yi ƙara tare, ku sauka bene na ƙasa, ɗakin da ba taga, ku bar kallon sama. Ranar Litinin ta farkon wata da ƙarfe 11 na safe gwaji ake yi.

Idan ni zan tsara muku, ranar farko bakin kogi da tsohuwar kotu da safe, City Museum da la'asar. Ta biyu Forest Park gaba ɗaya. Ta uku lambun tsirrai, abincin rana a South Grand, yamma a Bevo da Ted Drewes. Ta huɗu Cahokia da sanyin safiya, a dawo ta arewacin gari. Wannan tsari na watan Mayu ne da iyali masu yara. Ranakun buɗewa da farashi kuma sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka ka sa 'yarka ta duba shafin kowane wuri mako guda kafin ku taso, musamman in Litinin ta faɗo cikin kwanakinku. In ta faɗo, ita za ku ba bakin kogi, don a watan Mayu Arch kullum a buɗe yake.